Ragowar magani cikin ruwanmu: aikin gawayi da ɗiyan zogala



Yau zancenmu bisa ruwa ne. Kowa ya san laka, kowa ya san tsutsa, don ido na ganinsu. Amma akwai wani datti wanda ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ma ba shi jin ɗanɗanonshi. Wannan datti ragowar magani ce, irin maganin da likitoci ke kira antibiyotik.

Kun san shi, ko da ba ku riƙe sunan ba. Shi ne kapsul ɗin nan mai kai biyu, ja da rawaya, da ake saidawa bisa tebur ran kasuwa. Shi ne allurar nan mai ruwan rawaya da ake yi ma saniya ko rago in sun kama tari, wadda malaman dabbobi ke kira oksitetarasikilin. Shi ne garin da ake zuba ma kaji cikin ruwan sha. Amoksisilin da Bactrim da majo ke rubuta ma yara, su ma danginshi ne. Aikinsu guda: kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira mikrob.

Magani ne mai albarka ƙwarai. Wani likita, Alekzanda Fleming, ya gano na farko, penisilin, a Landan cikin shekarar 1928. Kafin nan ƙaramin rauni na iya kai ƙato kabari. Saboda haka kada wani shi ce malamin gona ya hana shan magani. Abin da muke so shi ne maganin shi ci gaba da aiki har ga jikokinmu.

Ina maganin ke zuwa?

In kun yi ma saniya allura, jikinta ba shi cinye maganin duka. Masana sun auna, sun iske kashi 30 har zuwa kashi 90 cikin 100 na iya fita cikin fitsari da kashi, da ƙarfinshi. Yawan ya danganta ga irin maganin. Haka abin yake ga mutum, haka ga kaza.

To, ku dubi bakin rijiyar garinku da hantsi. Bisashe na shan ruwa ga kwami, suna fitsari nan inda suke tsaye. Ruwan da ya zube ya yi caɓi, caɓin na nutsewa ƙasa kusa da bakin rijiya. Ku dubi tabki da damana. Ruwan sama ya wanke garke, ya wanke bayan gari, ya kwashe duka ya zuba ciki. Can bisashe ke sha, can mata ke wanki, can yara ke wanka, wasu gidaje ma can suke ɗiba.

Ƙasa na taimako, amma ba kowace ba. Laka na riƙe oksitetarasikilin gam. Magani irin na cikin Bactrim kuwa ba shi manne ma ƙasa sosai, shina bin ruwa. Jigawa rairayi ce, ruwa na ratsa ta kamar rariya. Inda ruwa ke kusa, kamar cikin Gulbin Maraɗi, ko Korama ta ƙasar Damagaram, ko fadamun Majiya ta ƙasar Tawa, tafiyar ba ta da nisa daga garke zuwa ruwan rijiya.

Abin ya game duniya. Cikin 2019 malaman jami'ar Yok ta Ingila sun bada labarin awon da sunka yi ma koguna cikin ƙasashe 72. Wuri 711 anka ɗebi ruwa, anka nemi magani iri 14. An iske ragowar magani cikin kashi 65 bisa 100 na wuraren. Ƙasashen da abin ya fi yawan wuce ƙa'ida su ne Bangaladash, Kenya, Gana, Pakistan da maƙwabciyarmu Najeriya.

Ɗan kaɗan ne, mi za ya yi?

Wani za ya ce: magani cikin ruwa, ai riba ce, mun sha kyauta. A'a. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ne masifar.

Ku tuna yadda kuke zaɓen iri. Lokacin girbi kuna ware zangarniyar da ta fi tsawo, ta fi cika, wadda ta jure ma fari. Ita kuke ajewa. Shekara bisa shekara hatsinku na ƙara ƙarfi. To, ragowar magani haka take yi ma ƙwayoyin cuta: tana zaɓa musu iri. Ba ta isa ta kashe su duka ba. Raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura, su samu fili su hayayyafa. Ga su da saurin haihuwa: akwai mikrob da ke rabuwa biyu kowane minti 20 in ya samu ɗumi da cimaka. Abin mamaki, suna ma ara ma junansu wannan taurin kai, kamar yadda maƙwabci ke ba maƙwabci iri.

Ran da wannan mikrob ya shiga cikin yaro, a kai shi gidan likita, a ba shi magani, zawo bai tsaya ba. A sake wani mai tsada, shiru. Fleming da kanshi ya ja kunnen mutane tun 1945 bisa haɗarin shan maganin da bai kai awo ba.

Wani babban lissafi da anka buga cikin 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyon 1 da dubu 270 sun mutu cikin duniya saboda ƙwayoyin cuta da ba su jin magani. In an gwada da yawan jama'a, yankin da ya fi asara shi ne namu, Afirka ta yamma: mutum 27 cikin kowane 100.000. Nan Maraɗi ma an yi wani bincike cikin 2007 da 2008 bisa yara masu tamowa da anka kwantar asibiti. Kusan ɗaya cikin uku sun zo daga gida ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyin cikin hanjinsu. Hanyoyin kamuwa na da yawa. Ruwa ɗaya ce cikinsu, kuma ita ce wadda manomi ke iya tarewa da hannunshi.

Ku lura da abu guda. Tafasa ruwa na kashe mikrob. Ruwan jabel da Aquatabs su ma haka. Ku ci gaba da yi. Amma ba a dogara gare su don fidda ragowar magani. Wannan wani aiki ne daban.

Gawayi mai ƙofofi

Ƙasashe masu kuɗi sun daɗe da sanin dabarar. A Suwis, wata doka ta fara aiki cikin 2016, ta tilasta ma manyan gidajen tace ruwan datti, wajen 100, su ƙara na'urar fidda ragowar magunguna. Ɗaya cikin kayan aikinsu gawayi ne, wanda anka gyara cikin masana'anta.

Domi gawayi? Ku karya guntu guda ku duba. Itace na da ƙananan hanyoyi da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. In wuta ta ci itacen ba tare da iska mai yawa ba, hanyoyin nan na saura a buɗe, wasu dubbai kuma su ƙaru, ƙanana har ido ba shi ganinsu. Gawayi ya zama kamar gidan gara, ɗaki cikin ɗaki. In ruwa ya ratsa, ƙwayar magani na manne ma bangon ɗakunan, ruwa shi wuce. Da za a shimfiɗa bangon da ke cikin garam 1 na gawayin masana'anta, za ya rufe wajen metir kare 1.000. Garam 10 ke nan, eka guda.

Wannan na saye ne, da tsada. Amma ana yin mai kama da shi da kayan gona. Wani Ba'amurke masanin ruwa, Josh Kearns, ya yi shekaru shina wannan aiki tare da manoman arewacin Tailan da ƙauyukan iyakar Bama. Da abokan aikinshi na jami'ar Kolorado sun gwada gawayi iri iri bisa maganin da ke cikin Bactrim, sunka buga sakamakon cikin 2016. Abin da sunka gani: gawayin itace da ya sha wuta mai zafi ƙwarai, digiri 850 ko fiye, shina kama maganin kusa da yadda na masana'anta ke yi. Wanda anka ƙona da sanyin wuta kuwa aikinshi kaɗan ne.

Nan ne asirin yake. Gawayin shayi da muke saye kasuwa an turara shi ne a hankali ƙarƙashin ƙasa. Ƙofofinshi a toshe suke da wani baƙin mai kamar kwalta. Ya yi kyau ga murhu, bai yi kyau ga ruwa ba.

Da mi za mu yi namu? Kada ku sare icce saboda wannan. Ni ban ma so ku ƙone karan hatsi: bisashe na jiranshi, darni na jiranshi, gona kuma na son shi bisa bayanta don iska kada ta kwashe ta. Ku nemi abin da ake zubarwa. Ƙwallon aduwa bayan an tsotse. Ƙwallon magariya. Ƙoƙon goruba. Totuwar masara. Ɓawon gujiya. Rassan da kunka sassabe lokacin gyaran sabon toho cikin gona. Malaman jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun yi gawayin tace ruwa da ƙwallon aduwa da na magariya, sun gwada shi bisa ruwan shuni da ruwa mai gubar ƙarfe, ya kama. Abin da yara ke jifa da shi ke nan.

Ga yadda ake yi cikin rami. Ku gina rami mai faɗin baki, mai tsukakken gindi, kamar malfa a birkice. Faɗin baki metir 1 da rabi, zurfi wajen santimetir 70. Ku zaɓi wuri nesa da rumbu da darni, ran da babu iska. Kayan su bushe ƙayau. Ku hura wuta mai kyau can gindi da ƙirare. In ta kama, ku shimfiɗa kaya kaɗan bisa. Ku jira. Da kun ga farar toka ta fara bayyana bisa baƙin, ku ƙara wani shimfiɗi. Haka, haka, har rami shi cika. Harshen wuta da ke sama shi ke cinye iska, shi hana na ƙasa zama toka. In hayaƙi ya turnuƙe, kun zuba da yawa ko kayan na da danshi. Ɓawon gujiya na kashe wuta, sai a yayyafa shi kaɗan kaɗan. In rami ya cika, ku kashe da ruwa mai yawa har tururi shi ƙare.

Rami ba shi kai zafin ganga mai bututun hayaƙi irin ta Tailan. Amma ya fi turaren gawayin kasuwa nesa ba kusa ba. Maƙerin gari na iya haɗa gangar in kun kai mishi zane daga ma'aikatar noma ko ta ruwa.

Ƙaƙa za ku gane mai kyau? Ba shi da nauyi. In kun zuba shi bisa juna shina ƙara kamar fasassar kwalba. Ba shi warin hayaƙi. Ku murza shi ga hannu, ku wanke da ruwa zalla: in baƙin ya fita babu sabuni, ya yi. In hannu ya yi maiƙo, ku kai shi murhu.

Sai a daka shi sama sama, a tankaɗe. Ana son tsaki, daga girman ƙwayar hatsi zuwa ta dawa ko ƙaramin wake. A wanke har ruwan shi daina baƙi.

Tano huɗu

Can Tailan, tano huɗu na roba suke jerawa, kowane litir 200, tiyo na haɗa su. Na farko tsakuwa. Ruwa na shiga ta ƙasa shi hau sama, laka ta kwanta. Na biyu rairayi mai laushi, wankakke. Na uku gawayi. Na huɗu wurin ajiya. Jerin na bada wajen litir 300 a yini, bido 15 ke nan masu litir 20. Ya ishe gida babba, ko makaranta, ko ƙungiyar mata.

Kowane da aikinshi. Bisa rairayin, bayan sati 2 zuwa 4, wata ƴar yauƙi na fitowa. Kada ku ƙyamace ta. Mikrob ne masu amfani, su ke cinye miyagun. Don haka ba a barin rairayin shi bushe, kullum ruwa shi rufe shi. Gawayi na zuwa daga baya don ƙofofinshi ba su zaɓe. In kun ba shi ruwa mai laka da ruɓaɓɓen ganye, su za su cika ɗakunan, magani shi rasa wurin zama.

Ruwa shi bi sannu. Mai gaggawa da ya buɗe famfo duka ya ɓata aikin, don magani na son lokaci kafin shi manne. Gawayi kuma na ƙoshi kamar ciki. Ruwan za ya ci gaba da fitowa garau, alhali gawayin ya daina kamawa, ido kuma ba shi gane ranar. Saboda haka a canza shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku da kunka yi karatun manya, ga amfanin alƙalami: ku rubuta ranar zubawa bisa jikin tano. Kuma gawayi ba shi kashe mikrob. Ruwan da za a ba jariri, a sa mishi Aquatabs ko a tafasa.

Kada tano shi zama wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man mota.

Ɗiyan zogala

Zogala kowa ya san ta cikin kwaɗo. Garake na Jiratawa da na bakin kogi a Yamai cike suke da ita. Ɗiyanta kuma na da wani aiki. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu, a Sudan, sun daɗe suna kwantar da lakar ruwa da su. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta bi aikinsu, ta rubuta shi cikin shekarun 1970 da 1980, duniya ta sani.

Ku samu ɗiya busassu, waɗanda sunka nuna bisa icce. Ku ɓare, ku ɗauki farar ƙwayar. Ga bido mai litir 20, ƙwaya 10 in ruwan bai yi kauri ba, 20 in jan ruwan tabki ne. A daka lilis. A zuba garin cikin kwalba da ɗan ruwa mai tsabta, a girgiza minti 5, a tace da ƙyalle cikin bokiti. A motsa da ƙarfi minti 2, sa'annan a hankali minti 10. A bar shi awa guda ko biyu, kada a taɓa. Laka za ta dunƙule ta kwanta, ta ja mikrob da yawa ƙasa tare da ita. A tsiyaye na sama.

An gwada garin zogala bisa tetarasikilin cikin ɗakin bincike. Shina rage wani kashi, ba shi fidda duka. Kada wani mai talla shi ruɗe ku. Babban amfaninta shi ne share ma gawayi hanya. Ta fi alif ga wannan, don ba saye za ku yi ba, dattin da ya kwanta kuma ruɓewa yake yi. Amma ruwan zogala ba shi kwana. Ragowar garin cimaka ce ga mikrob, a yi aiki da shi ran nan.

Masana na gwada wasu kayan masu ruɓewa. Akwai wani gari da ake fiddawa daga ɓawon jatan lande, irin sinadarin da ke cikin ɓawon fara. Shina kama magani, amma gyaranshi sai da ruwan guba na masana'anta, ba aikin gida ba ne. Mu bar musu wannan tukuna.

A tare shi tun daga garke

Ni a ganina, nan ne riba ta fi yawa. Tace litir 300 aiki ne, amma tabki guda litir nawa ne? Ya fi sauƙi a kama magani inda ya fito.

Bisar da anka yi ma allura, ku ɗaure ta gefe guda kwanakin maganin, nesa da rijiya, ku kai mata ruwa can. Ku shimfiɗa mata ƙaiƙayi da garin gawayi, wanda ya faɗo lokacin tankaɗe. Shina shan fitsari, shina rage wari.

Takin wurin kada shi tafi garka ɗanye. Cikin 2005, a Minesota ta Amurka, an shuka albasa da kabeji da masara cikin ƙasa mai takin da ke da ragowar magani, anka iske ɗan kaɗan ya hau cikin ganyensu. Masu noman albasa na Galmi da masu salati na bakin birni, wannan naku ne. Maganin abin kun riga kun san shi: ramin taki. A jera taki da ciyawa, a yayyafa ruwa, a juya kowane sati 2. In tsakiyar ta yi zafi har hannu ba shi jurewa, zafin da mikrob na taki na karya mafi yawan maganin. Wata 3 kafin a kai gona.

Kwamin shayarwa shi ja baya daga bakin rijiya. A yi mishi lambatu da za ya kai zubabben ruwa cikin wani rami can gangare, a cika ramin da tsakuwa, rairayi da gawayi. Gefenshi a dasa jema. An gwada wata ƴar uwar jema ta ƙasar Indiya, an iske saiwarta na tsotse tetarasikilin daga ruwa. Salanga kuma ta yi nisan metir 30 aƙalla daga rijiya, ta gangare.

Kowace kwalbar maganin dabbobi na da kwanakin jira rubuce bisa takardarta: kwana kaza ba a shan nono, kwana kaza ba a yanka. Ga allurar nan mai ruwan rawaya mai daɗewa cikin jiki, na nama sau da yawa sati 3 ne ko 4. In da faransanci ne, malamin dabbobi shi karanta muku. Nonon kwanakin nan a zuba shi ramin taki. Na san da ciwo ga mai saniya guda, amma yaran gida ne ke fara shan shi.

Sai masu zuba ma kaji magani kullum, lafiya lau, wai don su yi saurin girma. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana wannan tun 2006. Akurki mai tsabta da allurar rigakafi sun fi arha. Ku sani kuma, cutar nan da ke share kaji da hunturu ba ta jin antibiyotik ko kaɗan, kuɗinku ne ke tafiya.

Tsohon gawayin da kunka fidda daga tano fa? Shi ba shi ruɓewa da sauri kamar zogala, shina daɗewa cikin ƙasa shekaru da yawa, kuma yanzu ɗauke yake da abin da ya kama. Kada a dafa shayi da shi, kada a zuba shi ga fangalin salati. A shanya shi, a maida shi cikin ramin wuta ran da ake ƙona sabo, zafin na lalata maganin. In ba haka ba, a bizne shi gindin itacen inuwa nesa da rijiya. Kwalaben allura da kapsul da sunka lalace kuwa, kada a jefa su tabki ko salanga, kada a wanke sirinji bakin kwami. A tara su cikin gwangwani mai marfi inda yara ba su kai, a miƙa ma malamin dabbobi ko majo ran da kunka je kasuwa.